Awon ciki a Ingila: ungozoma sai tambaya

Yaya ina wuni, ya su Umma da yara? Kin dame ni in baki labarin awon nan, to ga shi.

Zuwana na farko cikin bai kai sati 10 ba, ungozomar ta zaunar dani kusan awa ɗaya tana ta tambayoyi, har ta sa Abban Nana ya ɗan fita ta tambaye ni wai ko yana dukana! Da aka zo gwajin sikila sai tace "kina so a yi?" Wallahi raina ya ɓaci, nace a zuciyata ke da kika yi karatun ni kike tambaya? Ai mu a gida nas ta miƙo miki takarda ne kawai, ki dawo da Dettol da auduga da safar hannu ki ja bakinki ki yi shiru.

Ashe tsarinsu ne, komai sai an faɗa miki amfaninsa da illarsa sannan ke ki zaɓa. Ta zana min a takarda yadda in ni da shi duk AS ne, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaron ya zo da sikila. Hoton ciki a sati 12 da sati 20, shi ma sai kin yarda. Da wata ya kusa muka rubuta yadda nake son haihuwar, a gida ko asibiti ko cikin kwamin ruwan ɗumi, iskar da ake shaƙa don rage ciwo ko allurar baya, ta kuma faɗa min gaskiya allurar tana kashe ciwon naƙuda amma tana iya jan lokacin nishi. Nace mace nake so ta duba ni, ta rubuta amma tace ba alƙawari in abu ya zo da gaggawa. Nace kuma a bani mabiyiya mu binne, ko mamaki bata yi ba, a roba mai murfi suka miƙo mana.

Kar ki ce kyauta ne fa, fam 1,035 kowannenmu ya biya na kowace shekara, kuɗin kula da lafiya da ake biya tare da kuɗin biza. Kuma ma'aikata sun yi musu kaɗan, kusan duk zuwa sabuwar fuska, ki sake labari daga farko.

Bayan haihuwa shayi da gasasshen burodi suka bani, washegari aka sallame ni. Ungozoma ta biyo ni gida ta duba cibiya da ɗinki, amma babu mai dafa min ruwan wanka, babu kunun kanwa. Ki ce wa Umma in an samu mai zuwa ta aiko min da yajin jego.