Biro mai bakin 0.5 don takardar shiga jarrabawa

Malaminmu na lissafi ya yarda kowa ya shiga jarrabawa da takarda guda, girman A4, gaba da baya, amma da rubutun hannunsa. Wadda aka buga, tun a bakin ƙofa za a karɓe. Shi ya sa na sayi wannan biron a wani shago kusa da Babbar Kasuwar Sakkwato, mai shagon ma ya bari na gwada kafin in biya. Bakinsa siriri ne, babi uku suka shige shafi ɗaya, kuma rubutun na karantuwa. Aibinsa tawadar ruwa ce, ga zafin Afrilu, zufa na taɓa ta sai ta baje. A bari ta bushe kafin a juya takardar. Baƙin ya fi shuɗin fitowa.