Gargaɗi: mai "maganin dolfin" na Yamai ya ci mini miliyan 2 da jika 350

Salamu alaikum jama'a. Kwana 19 ke nan ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya. Yau dai na ce ko za a yi mini dariya daga Tawa har Ƙonni sai na faɗa. Miliyan 2 da jika 350 na sefa. Kuɗin albasata ta bana ce kaf, har da ɗan adashin da maiɗakina ta kwasa. Wani mutum a Yamai mai kiran kansa Dokta ya karɓe su, wai zai kai ɗana Turkiyya a yi masa magani da dolfin, dabbar tekun nan da masu Faransanci ke ce ma dofen. Yau babu shi, babu kuɗin, lambobinsa uku duk a kashe.

Kafin wani ya ce "kai ma Alhaji, kifi ne zai warkar da yaro?", ku tsaya ku ji. Shekara 22 ina loda albasar Galmi zuwa Abijan da Kumasi. Na ga dillalai iri-iri, ba wanda ya taɓa yi mini sakiyar da ba ruwa. Na yi lakkwal har lise, ina karanta Faransanci, kuma wallahi sai da na bincika kafin in fidda ko dala. Abin akwai shi. Akwai wuraren da ake sa yara cikin ruwa da dolfin a Florida ta Amurka, akwai a tsibirin Kurasawo, akwai a wajen Antaliya ta Turkiyya. Na ga hotuna, na ga bidiyo, na ga iyaye Turawa suna hawaye. To in Bature da duk asibitocinsa ya ɗauki ɗansa ya kai, ni wane ne da zan ce ƙarya ne? Haka na yi tunani, kuma ban ga wautar da ke cikin tunanin ba a lokacin.

Yarona shekararsa 7. Ranar da aka haife shi bai yi kuka da wuri ba, likita ya ce iskar numfashi ce ba ta isa ƙwaƙwalwarsa ba. Tsofaffinmu da suka ji "iska" sai suka fassara ta yadda suka sani, aka yi ta kai mu wurin masu hayaƙi. Ba ya magana sai "baba" da "ruwa", tafiyarsa sai an riƙe shi, yawu na zuba. An yi rubutu, an yi tofi, an shafa masa man da aka ce na ayu ne, jika 40 ƴar kwalba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa yake.

Abin da ke hana ni barci shi ne hankicin nan. Ranar farko da muka je biro ɗinsa, bene ne hawa na biyu, da sanyin na'ura, da hoton dolfin babba a bango. Mun kwana cikin kar tun daga Tawa, sama da kilomita 500, yaron ya gaji, yawu ya jiƙa masa gaban riga. Mutumin nan ya taso daga kujerarsa, ya durƙusa har ƙasa da farar shaddarsa, ya zaro hankicinsa daga aljihu ya share wa yaron baki, ya naɗe ya mayar aljihu. Bai yamutsa fuska ba. Ƴan uwana na jini akwai waɗanda ba sa yarda yaron ya taɓa musu kwano. Maiɗakina ta dube ni, na dube ta, shi ke nan magana ta ƙare. Sai ya ce, "Alhaji, yau ko dala kada ka ba ni. Koma gida ka yi istihara, ku yi shawara da Hajiya." Ɓarawo ne zai ce maka je ka yi istihara? Ku gaya mini. Da aka kira la'asar shi ya ja mu salla a cikin biro ɗin.

Jika 150 na fara ba shi, na buɗe dosiye. A'a, tsaya, kafin nan ya kira ni ta bidiyo a WhatsApp, ya haɗa ni da wata farar mata sanye da farar riga, bayanta ruwa shuɗi, ta yi minti biyu tana magana, sai layi ya yanke. Ko bayan na biya ne? Ina jin bayan na biya ne, don na tuna ina tsaye bakin rudu ana fidda albasa. Ko ma dai yaushe ne, yanzu na gane bidiyon da aka ɗauka tuntuni ne ya kunna mini, shi ya sa duk tambayar da na yi ba ta amsa ba, shi yake amsawa a madadinta.

Daga nan jika 700 na kama wuri, wai layi ya yi tsawo, in ban biya cikin kwana uku ba za a ba wani ɗan Bamako. Sai miliyan 1 da jika 200 kuɗin jirgi na mutum uku. Sai jika 300 na biza da inshora. Ku haɗa da kanku, miliyan 2 da jika 350. Albasar da na adana ina jiran farashi ya tashi da damina, na fidda ta na sayar a lokacin da kowa ke sayarwa, buhu na faɗuwa ƙasa warwas. Wannan hasarar ma ban sa ta cikin lissafi ba.

Bayanin da ya yi mini kuwa, in kun ji shi ku ma sai kun gyaɗa kai. Ya ce dolfin ba kifi ba ne, haihuwa yake yana shayarwa, da iska yake numfashi ta wata kafa a tsakar kansa. Gaskiya ne, kamar ayun da ke cikin kogin Isa ne ta fannin haihuwa da shayarwa da shaƙar iska. Ya ce yana fidda wani sauti mai kaifi yana gane abin da ke gabansa da shi ko cikin duhu, irin na'urar eko da ake duba cikin mata. Wannan ma gaskiya ne, na karanta. Sai ya ɗora nasa: wai sautin ne ke shiga kan yaro ya tada jijiyoyin da suka kwanta, zama goma, sati biyu, yaro zai kira sunan uwarsa. Gaskiya biyu ya jera mini ya ɗora ƙarya ɗaya a kai, na haɗiye duka.

Ranar tafiya muka zo Yamai da akwati biyu. Maiɗakina ta saya wa yaron ɗan wandon wanka a Babbar Kasuwa, shuɗi. Muka isa filin jirgin Diori Hamani tun da sauran rana, na miƙa takardar da ya buga mana, yarinyar da ke kan kwamfuta ta duba, ta sake dubawa, ta kira wani. Suka ce, "Alhaji, wannan riƙon wuri ne kawai, ba a biya ba, ya mutu tun sati uku." Fasfo ɗinmu kuma na wurinsa, ya ce zai kawo mana su nan da biza a ciki. Muka zauna har jirgin ya tashi muna jin ƙararsa. Na kira, na kira, na kira. Washegari na je biro, ƙofa a buɗe, ba hoto a bango sai ƙusa huɗu. Mai gadi ya ce hayar wata biyu kawai ya yi, kuma ni ne na huɗu da ya zo nema. Fasfo ɗin ya bar su wurin mai gadin cikin leda, wai tausayinsa ke nan.

Na manta ban faɗa ba, tun kafin in biya kuɗin jirgi ƙanwata da ke aikin jinya ta ce mini, "Yaya, ka rubuta wa wurin can da kanka mana." Na ce mata ke dai ba ki ga mutumin ba. Bayan abin ya faru na rubuta musu, suka amsa cikin kwana biyu: ba su da wakili a Nijar, ba su san sunan ɗana ba, hotunan daga shafinsu aka kwasa. Wasiƙa ɗaya, ko dala ba ta ci. Amma hankicin ya riga ya rufe mini ido.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai, da na koma intanet da idon wanda aka cuta, sai na ga abin da na tsallake. Yana nan, ni ne ban so gani ba. Malamai biyu na jami'ar Emory ta Amurka, Lori Marino da Scott Lilienfeld, sun bi binciken da ake kafa hujja da shi a 1998, suka sake bi a 2007, suka ce ba wata ingantacciyar shaida cewa abin na warkar da wata cuta. Yaro ya shiga ruwa, ya ga sabon abu, iyayensa na tare da shi ba aiki ba fushi, dole ya sake na ɗan lokaci, amma ba magani ba ne. Ita kanta Betsy Smith, matar da ta faro abin a Florida cikin shekarun 1970, ta juya masa baya a 2003. Kuma dabba ce mai ƙarfi da aka tsare cikin kududdufin siminti, tana cizo, tana bangaza. Ashe ko da mutumin nan ya kai mu, da wuya in dawo da abin da na je nema. Ban san wanne ya fi ciwo ba. Ni na bincika ko wurin akwai shi, ban bincika ko yana magani ba. Amma shi ma ai ya san wanda zai tara, bai je wurin mai lafiyayyen ɗa ba.

Har yanzu ina tambayar kaina, da wane irin zuciya mutum zai share wa yaro yawu alhali yana lissafin albasar ubansa? Ko hankicin ma na aiki ne, kowane yaro da shi ake sharewa? Mai gadi ya ce wata mata daga Doso ta zo tana kuka, saniya biyu ta sayar.

Na kai ƙara komisariya, an ɗauki bayanina. Rasit huɗu na aika kuɗi suna hannuna, da saƙonnin muryarsa 31, da hoton takardar jirgin, da hoton tallar da na fara gani a Facebook. Zan saka su nan bayan isha'i in reso ya yarda, sai dai an ce in rufe fuskarsa da lambobin tukuna har a gama bincike. Doguwa ce fuskar, da tabon salla, yana jin Hausa da Zabarmanci da Faransanci.

Wanda duk aka ce masa dolfin, ko Turkiyya, ko "wuri ɗaya ya rage", kada ya ba da ko dala, kada ya saki fasfo ɗinsa. Ya tambayi likitan yaronsa. Wanda mutumin nan ya taɓa kuma ya yi mini magana ta akwati mu haɗa ƙara.

Matar da ke yi wa yaron kine a nan Tawa, mai motsa masa gaɓoɓi, jika 3 take karɓa kowane zama, kuma a hannunta ya fara tsayuwa da kansa bara. Na dakatar da zuwa wata biyu don ina tara kuɗin jirgi. Jiya na koma da shi, ban iya kallon idonta ba, ita kuma ba ta tambaye ni komai ba. Da na dawo na ɗauki biro da takarda na raba miliyan 2 da jika 350 da jika 3. Zama 783 ne, da canjin jika guda.