Firintar da ke tsakanin teburina da na Maigida

Wata 14 ke nan ni da Maigida muna hidima a ofishin mishan. Shi shekararsa 71, ni 67. Mun zo da tunanin za mu riƙa zama da matasa masu bishara muna ba su shawara, ashe takarda ce ke jiranmu. Shi ya ɗauki lissafin kuɗi, hayar gidaje da motoci, ni kuma fasfo, takardun izinin zama, wasiƙu da jadawalin sauya wa matasan wurin aiki. Tsakanin teburinsa da nawa akwai ɗan kabad, a kansa firinta take. Wata 'yar'uwa da ita da mijinta za su fara irin wannan hidima ta tambaye ni ko firintar ta cancanci saye, shi ya sa na zauna rubuta wannan. Sunan kamfanin ba zan faɗa ba, ofishin mishan ba ya talla. Irin mai tankin tawada ce, wadda ke bugawa, ta yi kwafi, ta kuma yi sikanin.

Tawadar ce babban abin yabonta. Tsohuwar da muka tarar mai katirij ce, wato ɗan akwatin tawada da ake sauyawa in ya ƙare, kuma ba ta tashi ƙarewa sai ranar da aka fi bukatarta. Wannan tankuna huɗu gare ta, na baƙi, shuɗi, ja da rawaya, kuma jikinsu garau yake, da ido kake ganin inda tawada ta tsaya. Ranar da muka fara cika su, Maigida ya shimfiɗa tsohuwar jarida, ya naɗe hannun riga, ya sauke tabarau bisa karan hanci kamar mai shirin yi wa mutum tiyata. Na ce, "Maigida, bari in kira ɗaya daga cikin yaran." Ya ce, "Uwargida, shekara 40 ina zuba wa mota mai." Ashe ma ba a bukatar gwaninta. An yi bakin kowace kwalba yadda ba zai shiga ramin wani launi ba, ka kife ta kawai, ta yi ta ƙwal-ƙwal, in tanki ya cika ta tsaya da kanta. Ko ɗigo bai zuba ba, kuma har yau yana ɗaukar wannan a matsayin ƙwarewarsa. Tun lokacin sau ɗaya muka ƙara baƙi, masu launin kuwa ba mu taɓa su ba, alhali bandir ɗin takarda mai 500 ba ya kai mana mako 3.

Tana buga gaba da baya da kanta, takardar A4 mai nauyin giram 80 ba ta maƙale mata. Sauri dai ba ta kai mai laser ba. In kana da shafi 60 na taron safe, ka tura su kafin a fara addu'a, kada ka jira sai an ce amin.

Sikanin ne rabin aikina. Takardun haya da rasit masu girma ɗaya nakan jera su a bakin da ke sama, ta riƙa jansu ɗaya bayan ɗaya ta haɗa su a fayil ɗin PDF guda. Fasfo kuwa ba ya bi ta nan, sai an ɗaga murfi an kife shi a kan gilashi an danne, domin littafin ba ya kwanciya. Ina sa sikanin a 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci na hoton, lambobi da hatimi su fito tsaf ba tare da fayil ɗin ya yi nauyin da imel zai ƙi ɗauka ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, tunda ƙasashe da yawa ba sa karɓar fasfon da bai da sauran wata 6, kuma daga waɗannan hotuna nake duba ranar ƙarewar na kowane yaro.

Inda nake da ƙorafi shi ne, wanda ya tsara ta bai tuna da tsofaffi ba. Allon da ke gabanta bai fi akwatin ashana ba. Shigar da kalmar sirrin Wi-Fi a kansa ya ci mana kusan rabin awa, Maigida yana dannawa da yatsa mai rawa, ni ina haska masa da fitilar waya ina karanto harufa. Sau uku muna kuskure, har muka fara ɗora wa juna laifi. Wani yaro ya shigo karɓar wasiƙa, ya ce, "Mama, ku kawo," ya gama kafin in mayar da tabarau cikin gidansa.

Sai kuma ba ta son zama. Mun yi tafiyar mako 2 duba gidajen matasan, muka dawo tana buga rubutu da fararen layuka a tsakiya. Tawada ce ta bushe a ƙananan ramukan da take fesowa. Akwai umarnin wanke kan da ke fesa tawada a cikinta, sai da na yi sau biyu ta dawo daidai, kuma wankin ma tawada yake sha. Yanzu in za mu yi nisa, nakan bar wa wani saƙo ya buga shafi ɗaya mai launi kowane mako. Launukan kuma ba sa jure ruwa: wata takardar shaidar baftisma da aka riƙe da jiƙaƙƙen hannu sai da na sake buga ta, don haka irin waɗannan yanzu cikin leda nake miƙa su.

Na ce wa 'yar'uwar nan su saya, muddin kullum za su yi bugu, amma su sa wani mai ƙuruciyar ido ya haɗa musu ita ranar farko. Su kuma ajiye ta inda hannun kowannensu zai kai. Tamu ta fi kusa da Maigida da taku ɗaya, kuma duk da haka ni ce ke tashi in ɗauko masa takardunsa.