Dafaffen dankalin jiya ko ɗanye: wanne ya fi a kasko?

'Yar'uwa, kin ce kina da ragowar dafaffen naman kaji da rabin albasa da tattasai, kina so ki soya su da dankalin Turawa a kasko ɗaya, irin girkin nan da ake kira hash, amma kin rasa wanda za ki ɗauka tsakanin dafaffen da ya kwana a firij da ɗanye. Ni dai na jiyan nake ɗauka, kuma ba ƙyuya ce kaɗai ta sa ba.

Duk maganar a kan ruwa take. Kusan kashi 80 cikin 100 na dankali ruwa ne. Ruwa kuwa a digiri 100 yake tafasa, shi kuma jan nan na suya mai ƙamshi ba ya fitowa sosai sai zafi ya kai wajen digiri 140. Muddin jikin dankali da lema, turara kawai yake yi, ba soyuwa ba. Wanda ya kwana a firij ya riga ya sha iska, bayansa ya bushe, sitacin cikinsa ya daskare ya kama jikinsa, shi ya sa yake yankuwa ba tare da ya farfashe ba. Da ya shiga mai mai zafi, minti 6 zuwa 8 sun ishe shi ya yi ƙamas-ƙamas.

Ɗanye kuwa sai kin yi haƙuri da shi. Ki fere, ki yanka ƙanana kamar santimita 1, ki ɗauraye farin ruwan nan na sitaci don kada ya kama kasko, sannan ki tsane shi da tsumma mai tsabta. Ko da hakan zai ci minti 15 zuwa 20. Inda aka fi faɗawa rami shi ne a ƙara wuta don a yi sauri, sai waje ya ƙone ciki na nan ɗanye. Na sha yi. Dabarar da ta fisshe ni: bayan ya ɗan soyu, sai in zuba ruwa cokali 3, in rufe minti 5 tururi ya dafa cikin, in buɗe ruwan ya ƙone, sannan ya ci gaba da soyuwa. In an yi haka ɗanɗanonsa ya ɗan fi na dafaffen, gaskiya, amma ba fifikon da zai sa mai jin yunwa ta tsaya jira ba.

Akwai inda na jiyan yake faɗuwa. In tun farko ya dahu ya yi lugub, ko an riga an cakuɗa shi da miya, to caɓewa zai yi, gara ki koma wa ɗanyen. Haka in ya wuce kwana 3 zuwa 4 a firij, ko kuma a waje ya kwana. Wannan kam a zubar, haka ma naman in shi ma hakan ta same shi, domin dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa 2 a waje ba. Shi ma ɗanyen ki duba shi: inda ya yi kore ko ya yi tsiro ki yanke da kauri, in kuma koren ya yi yawa ki haƙura da shi.

Ko wanne kika zaɓa, kada ki cika kasko. Ki baza dankalin shimfiɗa ɗaya, ki cire hannu minti 3 zuwa 4 kafin ki juya. Yawan juyi shi ke hana shi yin ja. Albasa da tattasai sai dankalin ya kusa, naman kuwa a ƙarshe, tunda dafaffe ne, amma ki bar shi ya yi zafi har ciki. Ki ɗanɗana kafin ki sa gishiri, don naman ya zo da nasa.

In da ƙwai a gidan, ki buɗa gurbi biyu da bayan cokali, ki fasa a ciki, ki rage wuta ki rufe minti 3 zuwa 4.