Firewall ko First Kill? Ka sa a tura maka Firewall

Ɗan'uwa, cikin finafinai biyun da ka ce kana son a zaɓa maka ɗaya, Firewall za ka ɗauka, kada ka tsaya dogon tunani. Duka biyun na kalle su, amma ɗaya ne har yau yake cikin kwamfutata.

Firewall ya fito a 2006. Harrison Ford ne ya hau a matsayin Jack Stanfield, shugaban tsaron kwamfutocin wani banki a birnin Siyatil na Amurka. Wani mutum mai suna Bill Cox, wanda Paul Bettany ya fito a matsayinsa, ya zo masa da fuskar ɗan kasuwa, ashe yaransa sun riga sun shige gidan Jack sun tsare matarsa da 'ya'yansa biyu. Abin da suke so shi ne ya kwaso musu dala miliyan 100, dala 10,000 daga asusun kowane ɗaya cikin manyan masu ajiya 10,000. Babu fasa ƙofar banki, babu harbe-harbe a gaban kanta. Mutumin da aka ɗauka aiki don ya tsare dukiyar shi aka tilasta ya sace ta da hannunsa, kuma kullum da safe sai ya saka kwat ya tafi ofis yana gaisawa da abokan aiki, alhali an maƙala masa na'urar da ke jin duk maganarsa.

Daren da muka kalle shi a gida nan Fadamar Mada, ana ruwa, an ɗauke wuta, muka aza kwamfuta kan tabarma ni da uwargida. Akwai wurin da Cox ya miƙa wa ƙaramin yaron biskit mai gyaɗa, ya kuwa san jikin yaron ba ya ɗaukar gyaɗa. Numfashi ya fara sarƙewa, shi kuma Cox ya riƙe allurar da za ta ceci yaron ya hana, sai uban ya amsa zai yi abin da aka ce. Wallahi uwargida tashi ta yi ta shiga ɗaki ta duba autanmu da ke barci, ta daɗe kafin ta dawo. Ni ma ban iya cewa komai ba. Mu da kullum muke jin labarin garkuwa da mutane, wannan wurin ba kamar fim yake zo mana ba. Abin da ya kama ni shi ne Jack ba soja ba ne, dattijo ne da ya haura 60, yana haki, yana kuskure, dabararsa ta farko ma ta rushe. Ka lura da yadda ya haɗa iPod ɗin 'yarsa, wato na'urar sauraron waƙoƙi, da wani ɓangare na injin faks ya kwashi lambobin asusu. Ka kuma sa ido kan karen gidan, ba a banza aka sa shi ba. Ƙarshen ya ɗan koma dambe fiye da yadda na so, kuma na'urorin sun tsufa, amma ba za ka tashi ba sai ya ƙare.

First Kill na 2017 kuwa, hoton Bruce Willis ne ya ja ni na biya kuɗin turi. Ya fito ɗan sanda, sai ka daɗe ba ka gan shi ba, Hayden Christensen ne ke ɗauke da fim ɗin a matsayin uban da ɗan fashi ya sace wa ɗa a dajin farauta. Fashin bankin labarinsa kawai ake yi, kuma tun da wuri na gane wanda ke da hannu. Sau ɗaya na kalla na goge.

Sai dai ka yi hattara da masu turi. Wani yaro a wani shago ya taɓa karɓar kuɗina, na je gida na tarar ya canza wa wani fim daban suna ne kawai. Wasu kuma rabi za su tura maka, ko wanda murya ke gaba hoto na baya, su ce laifin wayarka ne. Kada ka bar shagon sai ka buɗe shi a gabansa, ka ja zuwa tsakiya, ka ja zuwa ƙarshe. Firewall cikakke awa 1 da minti 45 ne, in ka ga ƙasa da haka sosai an yanke shi. In fassarar Hausa ce zai ba ka, saurari minti biyu tukuna, don akwai masu surutun da ke danne maganar 'yan wasa. Kuma kada ka bar masa memori ka tafi, hotunan iyalinka na ciki.

In za ka kalla da iyali, bari ƙananan yara su yi barci tukuna, akwai kisa a ciki, ga kuma wurin yaron nan.