Sharhi kan finafinan soyayyar fadar Koriya: abin da ke riƙe mai kallo da abin da ke gundurarsa

Masu kallo da yawa a ƙasar Hausa sun fara sanin finafinan tarihi na Koriya ta Kudu ne ta hanyar faifan DVD, musamman Jumong mai kashi 81 da tashar MBC ta nuna daga 2006 zuwa 2007, da Jewel in the Palace mai kashi 54 wanda aka fara a 2003. Na farkon yaƙi ne da kafa daula, na biyun kuma girkin fada da ilimin magani, soyayya a cikinsu ɗan taɓawa ce. Wannan sharhi ya shafi ƙannensu da suka zo daga baya, masu kashi 16 zuwa 24, inda soyayyar ce ƙashin bayan labari. 'Yan Koriya suna kiran dukkan wannan rukuni sageuk. Hukuncina a kansu shi ne: idan abin da ya raba masoyan ya fito daga ainihin dokokin zamanin, da wuya a sami fim ɗin soyayya da ya kai su daɗi. Idan kuwa marubuci ya bar dokokin ya koma ƙirƙiro cikas da kansa, sai fim ya koma kayan ado kawai.

Akasarinsu a daular Joseon ake gina su, wadda ta fara a 1392 ta kai har 1897. Al'umma ce mai hawa-hawa. A sama akwai yangban, gidajen malamai da masu riƙe da muƙamai, sai masu sana'o'in ilimi irin su likitoci da tafintoci, sai talakawa manoma, a can ƙasa kuma bayi da mahauta da mata masu nishaɗantar da manya da ake kira gisaeng. Ɗan da ƙwarƙwara ta haifa ba a barinsa ya zauna babbar jarrabawar shiga aikin gwamnati ko da ubansa waziri ne. Tun zamanin Sarki Seongjong, a 1477, aka yanke cewa 'ya'yan bazawarar da ta sake aure ba za su riƙe muƙami ba, wanda hakan ya sa gidajen manya suka hana zawarawansu aure kwata-kwata. Yarinyar da ta shiga fada aiki kuwa ta zama ta sarki har ta mutu, ko da bai taɓa ɗaga ido ya dube ta ba. Marubucin da ya san waɗannan ba ya buƙatar wata muguwar kishiya ko ɓatacciyar wasiƙa. Doka ce da kanta ke tsaye tsakanin mutum biyu, kuma mai kallo ya san ba roƙo ko kuka da zai kawar da ita.

Fim ɗin da ya fi kowanne amfani da wannan, a ganina, shi ne The Red Sleeve na MBC, wanda aka fara a ƙarshen 2021 ya ƙare a farkon 2022 da kashi 17. Lee Jun-ho ya fito a Yarima Yi San, wanda ya zama Sarki Jeongjo ya yi mulki daga 1776 zuwa 1800. Lee Se-young ta fito a Seong Deok-im, ma'aikaciyar fada. Jan bakin hannun rigar da sunan fim ɗin ke nufi alama ce ta cewa mace ta sarki ce. Tarihi ya tabbatar da cewa wannan mata ta ƙi tayin Jeongjo har sau biyu kafin ta amince, ta haifa masa yarima a 1782, yaron ya rasu a 1786, ita ma ta bi shi a shekarar tana ɗauke da ciki, kuma sarkin da hannunsa ya rubuta mata kalaman makoki. Abin da fim ɗin ya yi mai kyau shi ne ya ɗauki ƙin nata da muhimmanci. A matsayin ma'aikaciya tana da ƙawaye uku, tana kwafar littattafai ana biyanta, tana samun ranar fita gari. Ranar da ta zama ƙwarƙwarar sarki duk wannan ya ƙare, sai zama a ɗaki ana jiran ko zai zo. Ba a nuna sarkin a mugu ba, ba a kuma ɓoye cewa sonsa ya rage mata rayuwa ba. Shi ma yana da nasa nauyin: kakansa Sarki Yeongjo ne ya sa aka kulle ubansa, Yarima Sado, a akwatin shinkafa har ya mutu a 1762, saboda haka duk kuskuren da ya yi a fada yana iya zama ajalinsa. Tsohon jarumi Lee Deok-hwa ya buga Yeongjo yadda ba ka sanin ko zai rungumi jikansa ne ko zai kashe shi, kuma wuraren da suke tare su biyu sun kai wuraren soyayyar ƙarfi. Masu kallo a Koriya sun fara da ƙasa da kashi 6 cikin ɗari suka ƙare da sama da kashi 17 cikin ɗari. Rauninsa ɗaya ne babba: ƙungiyar asiri ta matan fada da aka ƙirƙira a tsakiya, mai makamai da shirin kashe yarima. Ba ta dace da sauran fim ɗin ba, kuma ta cinye lokacin da ya kamata a ba shekarun ƙarshe na Deok-im, waɗanda aka tattara cikin gaggawa.

My Dearest na 2023 ya bi wata hanya. Ya fita daga fada ya shiga cikin mutanen gari a lokacin da sojojin daular Qing, wadda daga baya ta mulki ƙasar Sin, suka mamaye Joseon a hunturun 1636, Sarki Injo ya miƙa wuya a farkon 1637, aka kwashe mutane masu yawa zuwa Shenyang, babban birnin Qing a lokacin, ana sayarwa. Matan da aka fanso suka dawo gida, dangin mazajensu da yawa sun ƙi karɓarsu, suna cewa sun ɓaci. Ahn Eun-jin ta fara a budurwa mai ji da kyanta, yaƙi ya mayar da ita mai ciyar da gida, kuma wannan canji ya tafi a hankali yadda za a yarda da shi. Jarumin fim ɗin, Namkoong Min, ya iya kallon da ke faɗin abin da baki ya ƙi faɗa. Kashi 10 na farko suna cikin mafi kyawun abin da na sani a wannan rukuni. Zango na biyu ne ya yi tuntuɓe, domin an shigo da gimbiyar Qing mai nacin son jarumin, sannan aka sa ya rasa tunaninsa, ba ma sau ɗaya ba. Labarin da ke da yaƙi da bauta da ƙyamar dangi bai rasa cikas ba har a nemo masa mantuwa.

Wani abin da ke jan mai kallo shi ne kunya da jan aji. Ana iya kai wa kashi na 8 ko na 10 masoya ba su wuce haɗa ido da miƙa wa juna wani ɗan abu ba, zobe ko wasiƙa ko 'ya'yan itace da aka ɓoye a hannun riga. Saboda an daɗe ana hana su, ranar da ya riƙe hannunta sai abin ya yi nauyi. Tufafi ma labari suke bayarwa ga wanda ya san karatunsu. Sarki yana sa jar riga mai tambarin dodo mai farce biyar, yarima mai jiran gado nasa farce huɗu ne a kan riga mai duhu. Manyan fadawa ja suke sawa, na tsakiya shuɗi, ƙanana kore. Tambarin ƙirji mai tsuntsu na ma'aikacin alƙalami ne, mai damisa na soja. Budurwa tana sakin kitso ɗaya da ƙyalle a ƙarshensa, matar aure tana naɗe gashi a ƙeya ta soke shi da dogon tsinke. Wanda ya riƙe waɗannan zai gane wa ya fi wa a kowane zama tun kafin a buɗe baki. Sai a lura da uwar sarki ko kakarsa, wadda matsayinta ya yi kama da na Mai Babban Ɗaki a fadojinmu: ba ta zama a majalisa, amma zaɓen matar yarima a hannunta yake, kuma sau da yawa ita ce ke juya labarin.

Matsalolin kuwa suna maimaita kansu har mutum ya haddace su. Ta farko ita ce mace mai shigar maza. An yi ta a Sungkyunkwan Scandal a 2010, an yi a Love in the Moonlight a 2016 inda yarinya ta shiga cikin dandaƙaƙƙun bayin fada, an yi a The King's Affection a 2021. A na ƙarshen ne kawai dabarar ta yi aiki sosai, saboda Park Eun-bin ta canza tafiya da murya da zama, kuma an nuna tun farko cewa ranar da asirinta ya tonu za a kashe ta da duk wanda ya sani. Fim ɗin ya ci kyautar Emmy ta duniya a 2022. A sauran, fuskar jaruma da kwalliyarta suna nan sarai, ana so mai kallo ya yarda cewa fada guda ba wanda ya gane.

Ta biyu ita ce tsakiyar fim, wajen kashi na 11 zuwa 14. Nan ne za ka ga fadawa huɗu ko biyar a ɗaki mai duhu suna ƙulla makirci ɗaya da suka ƙulla a kashin baya, ga maimaicin abin da aka riga aka nuna ana cewa tunani ne. Dalilin yana cikin yadda ake aikin. Tashoshi suna nuna kashi biyu a mako, kuma an daɗe ana ɗaukar kashin gaba yayin da na baya ke kan allo, rubutu yana zuwa wa 'yan wasa a makare. Idan fim ya karɓu sai tasha ta ƙara masa tsawo: Jumong an shirya shi kashi 60 ya kai 81, Dong Yi na 2010 an shirya 50 ya kai 60. Labarin da aka auna wa zango ɗaya idan aka ja shi dole ya yi laushi a tsakiya, ƙarshensa kuma ya zo a guje. Akwai kuma matsalar sauya 'yan wasa. Moon Embracing the Sun na 2012 ya wuce kashi 40 cikin ɗari na masu kallo a Koriya, amma yaran da suka buɗe shi sun yi ƙoƙarin da ya sa manyan da suka karɓa suka sha suka, ga shi an ɗora sauran labarin a kan jarumar da ta manta ko ita wace ce.

Ta uku, wadda ta fi damuna, ita ce yadda ake wanke tarihi. Koriya tana da kundin tarihin sarakunan Joseon mai littattafai 1,893 da ya ƙunshi shekara 472, saboda haka ba rashin madogara ba ne. Yarima Hyomyeong da aka gina Love in the Moonlight a kansa ya rasu a 1830 yana matashi bai hau gado ba, fim ɗin ya naɗa shi sarki. Empress Ki na 2013 sai da masu shirya shi suka sauya sarkin gaskiya na Goryeo, daular da ta gabaci Joseon, da wani ƙirƙirarre saboda ƙorafin cewa ana gyara sunan azzalumi. A 2021 tashar SBS ta dakatar da Joseon Exorcist bayan kashi 2 kacal saboda fushin jama'a kan murɗe tarihi. Canza ƙarshen labari ba ya ɓata mini rai kamar yadda ake nuna bayi. An 'yanta yawancin bayin gwamnati a 1801, ba a soke bautar gaba ɗaya ba sai 1894, amma a fim kuyangar jaruma kullum 'yar barkwanci ce mai farin ciki da uwar ɗakinta. Haka ma fizgar hannun mace da tsawa da kishi mai tsanani, irin na Yarima Wang So a Moon Lovers: Scarlet Heart Ryeo na 2016, ana sa musu kiɗa mai taushi kamar su ne alamar so. Wannan darasi ne marar kyau ga matashin da ke kallo.

Iyaye su san abin da ke ciki kafin a zauna tare da yara. Tsiraici kaɗan ne ƙwarai, amma akwai sumba, akwai shan giya da gidajen gisaeng, akwai bokaye mata da tsafi, wasu kuma an gina su a kan cewa rai yana komawa wani jiki ko wani zamani. Azabtarwa ana nuna ta a fili: a ɗaure mutum a kujera a sa sanduna biyu tsakanin ƙafafunsa a murɗa, ko a kawo wa wanda aka yanke wa hukunci kwanon guba daga sarki ya sha yana aman jini.

Ta fuskar kuɗi, kashi ɗaya yakan kai awa ɗaya, wasu har minti 80. A Netflix ƙaramin hoto yana cin kusan 0.3GB a awa, matsakaici kusan 0.7GB, wato fim mai kashi 20 zai ci 6GB zuwa 14GB. Matsakaicin ya fi, domin ana yawan ɗaukar dare da hasken kyandir, kuma a ƙaramin hoto fuskoki dusashewa suke. Fassarar Viki, wani dandalin kallon finafinan Asiya a intanet, ta fi bayani kan muƙamai da al'adu, sai dai ba kowane fim ke buɗewa a kowace ƙasa ba, a duba kafin a biya. Kwafin da ake turawa a waya sau da yawa fassararsa ta na'ura ce, tana rikita sunayen sarauta har ka kasa gane wa ke magana da wa, kuma a irin wannan fim rabin ma'anar tana cikin wanda ya rusuna wa wani.

Wanda bai taɓa kallo ba ya fara da The Red Sleeve, ya daure wa kashi biyu na farko da suka fi yawan raha. Mai son labari mai tsawo da sauƙin bi ya ɗauki Dong Yi, labarin mahaifiyar Sarki Yeongjo, wanda zai kuma taimaka masa ya gane dangantakar gidan sarautar. My Dearest na wanda zai iya jure baƙin ciki ne. Scarlet Heart Ryeo kada a fara da shi: 'ya'yan sarki sun yi yawa, an yanka wasu wurare yadda labari ke tsalle, kuma sai wajen rabinsa yake kama ƙasa.