Mai wayarin da ya haɗa min hon a tsohuwar Hilux

Jama'a masu tsofaffin a-kori-kura, in za ku sa hon ɗin nan mai baki biyu to ku nemi mai wayarin da zai sa muku rile, wato ɗan makunnin da ke ba hon wuta kai tsaye daga batir, maganar ke nan gaba ɗaya. Tawa Hilux ce tsohuwa irin ta shekarun 1990, kayan gwari nake ɗauka da ita, hon ɗinta na asali ya shaƙe yana kuka kamar ɗan akuya, ko mai adaidaita ba ya waiwayowa. Na sayo hon mai baki biyu na kamfanin Hella a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, yaron da ya fara ɗaura min kawai cire tsohon ya yi ya jona sabon a wayar da ya tarar, ƙara ta fito a raunane, fiyus ya dinga ƙonewa, ƙarshe ya ce min wai hon ɗin jabu ne.

Wani direba ne ya kai ni gun wannan malamin, dattijo ne ba ya yawan magana. Kafin ya taɓa komai sai da ya cire kan batir, wannan kaɗai ya sa hankalina ya kwanta. Ya ce, Alhaji hon ɗinka lafiyarsa lau, wuta ce ba ta isarsa, kowane baki yana jan wajen amp 5 ko 6, biyun sun haura 10, ita kuwa wayar kamfani siririya ce ga tsufa, ba a yi ta don wannan nauyin ba.

Rile ya ɗauko mai ƙafa huɗu, a gindinsa an rubuta lambar kowace ƙafa, 30, 85, 86, 87. Ya jawo waya mai kauri daga batir, ya sa mata fiyus mai amp 20 dab da batir ɗin, ya kai ta 30, daga 87 ya raba wa bakunan biyu. Abin da ya burge ni shi ne da ya sa ƙwan gwaji ya nuna min cewa tsofaffin Toyota ɗin nan wuta kullum tana nan a wajen hon, in ka danna sitiyari ba wuta kake ba shi ba, haɗa shi kake da jikin mota, don haka bai yanka komai ba, tsofaffin wayoyin biyu ya kai 85 da 86 shi ke nan. Ya kankare tsatsa sai da ƙarfe ya yi fari kafin ya ɗaure wayar jikin mota, kuma bai bari hon ɗin ya jingina da komai ba, ya ce in ya taɓa ƙarfe ƙarar mutuwa take.

Da ya danna wallahi sai da mai shayin gefe ya zabura.

Amma fa sai mai haƙuri, aikin da bai kai awa ɗaya ba sai da na wuni, yana nawa yana duba na wasu, ga wurin ba rumfa. Sannan yaransa baƙin tef suka so nannaɗe min wayoyin da shi, sai da na ce a sa kilif, wato ɗan ƙarfen da ake maƙala wa bakin waya, ku ma ku tsaya a kai. Kuɗin aiki kam bai tsawwala ba, rile da fiyus da waya ni na saya. Ku ce ya ɗaure rile ɗin a sama ƙafafunsa na kallon ƙasa saboda ruwan damina da masu wankin inji.